Gamba: Ƙirar Jikinta, Muhallinta da Dalilin Ja da Bayanta a Ƙasarta ta Asali

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gamba, ciyawar da masana tsirrai ke kira Andropogon gayanus, ta fuskar ƙirar jikinta, yadda take rayuwa daga damina zuwa damina, da matsayinta a saura da makiyaya da iyakokin gonaki. An kwatanta halin da take ciki a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar da abin da ya same ta a Kudancin Amurka, inda ta zama ciyawar kiwo ta shukawa, da kuma Arewacin Ostareliya, inda hukuma ke yaƙi da ita. Hujjar maƙalar ita ce gamba tana jure fari da wuta da ƙasa marar ƙarfi, amma ba ta jure a hana ta makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da zubar irinta. A cikin waɗannan makonni ne take ɓacewa a wurinmu.

Gabatarwa



Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san gamba kafin ya san sunanta na littafi. Da ita ake saƙa zanan da ke kewaye gida, da ita ake ɗaura jikin rumbu, kuma daga karanta almajiri ke feƙe alƙalamin da zai yi rubutu a allo. Makiyayi ya san ta a matsayin ciyawar da ke fara toho tun bazara ba ta gama ba. Saboda wannan sabo da aka yi da ita ne ba kasafai ake ɗaukar ta abin nazari ba. Ana lissafa ta cikin abubuwan da Allah ke fitarwa a daji, waɗanda ba a shukawa, ba a kuma tambayar ina za su fito baɗi.

To amma a yankuna da dama na Kano da Katsina da Jigawa da Maraɗi da Damagaram, gambar da dattawa ke ba da labarin tana shanye mutum a kan doki yanzu sai a iyakar gona ko gefen maƙabarta ko cikin harabar wata makaranta mai shinge. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne fari da yawan dabbobi. Bayanin yana da gaskiya, sai dai bai gamsar ba, domin wannan ciyawa dai ita ce aka kai wasu ƙasashe saboda juriyar fari da juriyar kiwo, ta kuma nuna juriyar har ta wuce yadda ake so. Abin da maƙalar nan ke nema shi ne gano takamaiman wurin da rauninta yake, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an fara da jikin ciyawar kanta.

Asali da rabe-rabe

Masanin tsirrai Bajamushe Carl Kunth ne ya bayyana ta da sunan Andropogon gayanus a shekarar 1833. Tana cikin babban gidan ciyayi, a reshen da ya haɗa dawa da masara da rake. Ke nan gamba 'yar dangin dawa ce, yayin da kyasuwa da ƙarangiya, waɗanda ake yawan gani tare da ita, suke dangin gero. Asalinta Afirka ne, daga Sanagal zuwa Sudan, ta kuma gangara kudu har Mozambik da Botsuwana da Namibiya. Ta fi yawa inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 da 1,500, tana kuma iya tsallake rani mai tsawon wata tara.

Yawancin masana sun raba ta gida huɗu. Akwai gayanus, mai son fadama da wuraren da ruwa ke kwanciya na ɗan lokaci. Akwai tridentatus, gajeriya, ta ƙasashen Sahel masu yashi da ƙarancin ruwa. Akwai polycladus, wadda tsofaffin littattafai ke kira squamulatus, sai kuma bisquamulatus, doguwar nan mai gashi ta tudu, wadda ita ce aka fi sani a yankin Zariya, ita ce kuma ta yi tafiya zuwa ƙetare. Ta fuskar ƙwayoyin gado, akwai masu kuromosom 20, akwai masu 40. Rabe-raben ba su da tsayayyar iyaka, domin gamba ba ta cika yi wa kanta barbara ba. Iska ce ke ɗaukar bununi daga wannan tushe zuwa wancan, don haka ko a fili guda za a tarar da wata mai gashi kamar an barbaɗa mata toka, wata kuma mai santsin ganye, wata ta riga 'yan uwanta fitar da kai. Wannan bambanci dukiya ce ga mai zaɓen iri, zan kuma koma kansa daga baya.

Ƙirar jiki

Gamba ciyawa ce mai shekara da shekaru a tushe guda. Ba ta yaɗo kamar kiri-kiri, ba ta kuma ratsa ƙasa da dogayen jijiyoyi kamar tofa. Tana tsayawa ne wuri ɗaya ta yi curi, curin yana faɗaɗa a hankali har ya kusa mita guda a tsoffin tushe. Tsakanin curi da curi akan sami fili, kuma wannan fili yana da muhimmanci: a nan ne ciyayi masu shekara ɗaya da dangin wake ke samun wurin zama, a nan ne kuma sabon tsiron gamba zai fito idan iri ya faɗi. Karanta yakan kai mita biyu zuwa uku, a wuri mai daɗi har huɗu. Ganyen dogo ne siriri, da farin layi mai kauri a tsakiya, kuma gindin ganyen yakan tsuke har ya zama kusan wannan layin kaɗai ya rage.

Idan aka sa hannu aka buɗa curin a tsakiyar rani, bayan an share busassun kube da toka, za a ga 'yan idanu farare masu tsini a manne da gindin tsofaffin kara, daidai fuskar ƙasa ko ƙasa da ita kaɗan. Su ne rayuwar baɗi. Wuta tana wucewa ta samansu, haƙorin saniya bai kai gare su, lauje ma haka. Muddin suna nan kuma akwai abin da zai ciyar da su, gamba ba ta mutu ba, ko da sama ta zama toka.

Abin da ke ciyar da su yana ƙarƙashin ƙasa. B. N. Bowden, a jerin nazarce-nazarcen da ya buga a 1963 da 1964, ya nuna cewa gamba tana da saiwa iri uku, kowace da aikinta. Na farko su ne sirara masu yawan rassa da ke shimfiɗe kusa da fuskar ƙasa, suna nisa da curin ta kowane gefe. Su ne ke cafke yayyafin farko, wanda bai jiƙa ƙasa ya kai ko tsawon yatsa ba. Na biyu su ne masu kauri kamar igiya, gajeru, waɗanda ke riƙe curin kada a tumɓuke shi, suna kuma tara sitaci. Su ne rumbun ciyawar: abin da aka zuba a ƙarshen damina shi za a ci har ruwa ya dawo. Na uku su ne masu nutsawa tsaye zuwa zurfi, inda laima ke saura bayan sama ta bushe ƙayau. Da waɗannan ne gamba ke ci gaba da zama kore makonni bayan kyasuwa ta zama ingirici, da su ne kuma take yin toho bayan toyi ba tare da ɗigon ruwa ya sauka ba.

Tana haɗa abincinta ta hanyar da masana ke kira C4, kamar dawa da gero, wato hanyar da ke ba tsiro damar yin aiki cikin zafin rana da ruwa kaɗan da naitirojin kaɗan. Wannan bai bambanta ta da sauran ciyayin yankinmu ba, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Kan gamba kuwa ya cancanci a tsaya. A saman kara rassa ke fitowa, kowane reshe yana ƙarewa da 'yan zangarniyoyi biyu masu fitowa daga kube ɗaya, suna buɗewa kamar yatsu biyu, tsawon kowace bai cika wuce santimita tara ba. A jikin kowace zangarniya furanni suna zaune bibbiyu. Ɗaya a manne yake, shi ne mai yin ƙwaya, yana da dogon gashi mai lanƙwasa a gwiwa. Ɗayan yana kan ɗan sanda, namiji ne, bununi kawai yake bayarwa. Ke nan rabin abin da ido ke gani a kan gamba ba zai taɓa zama iri ba, kuma ko cikin masu yin ƙwayar da yawa fanko ne. Wanda ya taɓa murza kan gamba a tafin hannu ya hura ya san haka: farin gashi ya tashi, ƙaiƙayi ya kama wuya, abin da ya rage na ƙwaya ɗan kaɗan ne. Dogon gashin nan yana murɗewa idan ya bushe, ya warware idan ya sha raɓa, da wannan motsi yake tura ƙwayar cikin tsagar ƙasa.

Abubuwa biyu game da irin suna da nauyi ga hujjar wannan maƙala. Duk da rashin nauyinsa, mafi yawansa yana faɗuwa ne cikin 'yan mitoci daga uwar. Sannan ba ya daɗewa a ƙasa, da wuya ya wuce shekara guda da rai. Gamba ba ta da ajiyar iri a cikin ƙasa irin ta ƙuduji, wanda ke kwanciya shekaru yana jira. Idan iri bai zuba bana ba, babu sabon tsiro baɗi. Idan tsofaffin tushe suka mutu ba magaji, fili ya rabu da gamba ke nan har sai an kawo ta da hannu.

Shekarar gamba

Da ruwan farko, wani lokaci ma kafin ya sauka, idanun nan ke buɗewa. A makonnin farko ganye ne zalla, mai laushi, kuma a lokacin ne ta fi amfani ga dabba. Tana zuwa daidai sa'ar da shanu suka fi galabaita, harawa ta ƙare, karan dawa ya ƙare, ciyayi masu shekara ɗaya ba su ko tsiro ba. Darajarta ga makiyayi a nan take, a lokacin zuwanta, fiye da yawan abincin da ke cikinta.

Fitar da kai ba ya bin ruwa, yana bin tsawon yini ne. Gamba tana cikin tsirran da ba sa fure sai yini ya fara gajarta. Ko an yi ruwa da wuri ko an makara, a yankin Zariya sai wajen Satumba kara ke miƙewa, a yi fure a Oktoba, iri ya nuna ya zuba a Nuwamba. Manoman da suka san dawar gargajiya irin su farafara da kaura sun san wannan hali, domin ita ma haka take jiran lokacinta. A daidai wannan tsakani ne kuma ciyawar ke janye abinci daga ganye tana mayarwa gindi da saiwa. Ayyuka biyu ke nan masu ɗorar da rayuwarta, cika rumbu da zubar da iri, duka sun taru a makonni shida zuwa takwas na kaka.

R. J. Haggar ya bi wannan sauyi a gonar dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, a ƙarshen shekarun 1960, ya buga sakamakonsa daga 1970. Abin da ya fito fili shi ne yawan ciyawa da ingancinta ba sa tafiya tare. Yayin da nauyin abin da hekta ke bayarwa yake hauhawa zuwa ƙarshen damina, furotin yana sauka, narkewa a tumbi tana raguwa, dabba kuma tana rage ci. Ɗanyen toho yakan kai kashi 10 cikin ɗari na furotin ko fiye, amma busasshen kara na tsakiyar rani yakan faɗi ƙasa da kashi 3. Masana kiwo sun yi ittifaƙi cewa ƙasa da wajen kashi 7, ƙwayoyin halittar da ke tumbin saniya ba sa samun abin da za su yi aiki da shi. Shi ya sa za a ga shanu tsaye cikin gamba har wuya a watan Janairu suna ramewa. Shi ya sa kuma makiyayi ke cinna mata wuta don ta yi sabon toho. Ba wauta ba ce, lissafi ne. Sai dai tohon rani daga ajiyar saiwa yake fitowa, kuma idan aka cinye shi, ya sake fitowa aka sake cinyewa, ajiyar tana ƙarewa kafin ruwa ya zo.

Gamba a saura

A tsarin noman da, idan gona ta gaji akan bar ta ta huta. Shekarun farko ciyayi masu shekara ɗaya ne ke rufe ta, kyasuwa da harƙiya da komayya. Bayan wasu shekaru sai curin gamba ya fara bayyana nan da can, ya yi ta ƙaruwa har ya mamaye. Nazarin da aka yi kan saura a yammacin Burkina Faso, musamman a yankin Bondukuy, ya tabbatar da wannan jeri, ya kuma nuna cewa manoman can suna ɗaukar bayyanar gamba alamar ƙasa ta farfaɗo. Idan hutun ya yi tsawo sosai, wasu dangin Andropogon da itatuwa ne ke karɓe wurin. Ke nan gamba ciyawar tsakiyar hutu ce. Tana bukatar a taɓa ƙasa, tana kuma bukatar a ƙyale ta bayan an taɓa.

Abin da take yi wa ƙasa yawancinsa aikin saiwa ne. Kowace shekara wani kaso na saiwar yana mutuwa ya ruɓe a inda yake, ya bar taki da ƙananan hanyoyin da ruwa zai bi. Gwaje-gwajen da aka yi a Samaru sun nuna ruwa ya fi shiga ƙasar da ta huta a ƙarƙashin ciyawa fiye da wadda ake nomawa kowace shekara, kodayake wannan amfani yana gushewa da sauri da zarar an koma huɗa. A 1994 Fisher da abokan aikinsa sun buga a mujallar Nature cewa gamba da wata ciyawar Afirka da aka shuka a filayen Kolombiya suna tara kabon mai yawa a can cikin ƙasa, zurfin da ba a saba aunawa ba.

Akwai wani hali nata da ya daɗe yana ɗaure wa manoma kai. Wanda ya sare saurar gamba ya shuka dawa yakan ga shukar ta yi rawaya a shekarar farko, alhali ƙasar baƙa ce mai kyan gani. Dalili ɗaya shi ne ruɓewar saiwa mai ƙarancin naitirojin tana riƙe ɗan abin da ke akwai na wani lokaci. Dalili na biyu ya fito daga binciken Rossiter-Rachor da abokanta a Ostareliya, wanda aka buga a 2009: gamba ta fi son shan naitirojin a siffar amoniyam, kuma a ƙarƙashinta juyawar amoniyam zuwa naitiret tana raguwa. Naitiret shi ne wanda ruwa ke wankewa cikin sauƙi. Da wannan dabara take tsare ɗan abin da ƙasa marar ƙarfi ke da shi, ta kuma hana maƙwabta. A ganina manomin da ya bi saurar gamba da gyaɗa ko wake kafin ya kawo dawa ya fi wanda ya yi akasin haka dabara.

Daga Shika zuwa Karimaguwa da Darwin

Gonar dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, an kafa ta a 1928, ita ce kuma ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976. Tun 1962 W. H. Foster ya buga aikin share fage kan fitar da zaɓaɓɓen irin gamba. A 1973 aka kai wani iri daga Shika zuwa cibiyar CIAT da ke Kolombiya, aka yi masa lamba 621. An gwada shi a tashar Karimaguwa, a filayen da ƙasarsu ke da tsami da yawan alminiyam da ƙarancin fosfaras, inda ciyayin kiwo da yawa ke gazawa. Gamba ta tsaya. Ta kuma jure wani ƙwaro mai kumfa da ke halaka makiyayan da aka shuka da ciyawar Brachiaria. A 1980 Kolombiya ta fitar da ita ga manoma da sunan Carimagua 1, Barazil kuma da sunan Planaltina, daga baya Peru da Benezuwela da Panama da Meziko suka bi sahu, kowace da sunan da ta raɗa mata. Abin lura, a can ana sayar da irinta a buhu, an san kilo nawa ake zubawa a hekta, an san ranar da ake fitar da shanu daga fili don ta huta. A nan inda aka ɗebo ta, mai neman irin gamba mai tsabta zai sha yawo.

Labarin Ostareliya daban ne. An shigar da ita tun shekarun 1930 don gwaji, aka fitar da irin da ake kira Kent a 1978 don masu kiwon shanu na Yankin Arewa. Daga gonakin kiwo ta tsallaka gefen hanyoyi da dazuzzukan da ba a kiwo a kudu da birnin Darwin, har cikin gandun Litchfield. Can ba mai yankan zana, ba garken da zai bi ta, ba fartanya. Kowane curi yana cika rumbunsa, yana zubar da irinsa duk shekara. Ciyayin ƙasar gajeru ne, suna bushewa da wuri, wutarsu ba ta da ƙarfi. Gamba kuwa tana tara kara mai yawa, tana bushewa a makare, lokacin da iska ta fi zafi. Rossiter da abokan aikinta sun auna a 2003 cewa makamashin da ke filin gamba yakan ninka na ciyayin ƙasar har sau bakwai, ƙarfin wutar kuma har sau takwas. Irin wannan wuta tana kaiwa kan itatuwa ta kashe su, inda itace ya faɗi kuma gamba ke shiga. A 2008 Yankin Arewa da Kwinsland da Yammacin Ostareliya suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya.

Ciyawa ɗaya ce a wuraren nan uku. Abin da ya bambanta shi ne abin da ke faruwa da ita a makonnin fure da zubar iri. A Ostareliya ba mai taɓa ta, sai ta fi ƙarfin kowa. A Barazil ana taɓa ta da lissafi. A wurinmu kowa yana taɓa ta a lokaci guda.

Abin da ke cin ta a gida

Ba a musun rawar fari. Bayan farin 1968 zuwa 1974, Breman da Cissé sun ba da rahoto a 1977 kan yadda ciyayi masu daɗewa, ciki har da gamba, suka ja baya a makiyayan yankin Niono na ƙasar Mali, masu shekara ɗaya suka maye gurbinsu. Farin 1983 da 1984 ya ƙara. Amma ruwa ya ɗan dawo tun shekarun 1990, itatuwa ma sun dawo a gonakin Maraɗi da Damagaram inda manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara. Gamba ba ta dawo da kanta ba, kuma bayanin irin da ya gabata ya nuna dalili. Itace yana da kututture mai rai a ƙasa yana jira. Gamba idan curinta ya mutu ba ta bar komai ba.

Saura ta kusa ƙarewa a kewayen Kano da makamantanta, inda ake noma gona kowace shekara. Wannan ya rufe mata babbar ƙofa. Abin da ya rage, burtali da makiyaya da gefen hanya, na kowa ne, kuma a nan ne matsin ya taru. A damina, da gonaki suka rufe ko'ina, dabbobi a waɗannan 'yan wurare suke cunkushewa, su cinye ta tun ba ta miƙe ba. Masu yankan ciyawa don tumakin gari suna bi da lauje. Wadda ta tsira ta yi kara, mai zana yana jiranta. Mai zana ya fi son karan da ya ƙosa, amma a filin da ba na kowa ba duk wanda ya jira wani zai riga shi, don haka ake yanka da kai a jiki, furen bai ko bushe ba. Na sha tsayawa wurin masu saƙar zana a kasuwannin ƙauye ina duba damman da aka jingine: kawunan suna nan da gashinsu, idan aka murza ba ƙwaya ko ɗaya, an yanke su tun suna ruwa. Bayan wannan sai wuta, sai kuma cin tohon rani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gamba za ta iya ɗauka. Haɗuwarsu a shekara guda, shekara bayan shekara, shi ne ba ta iyawa.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana iyakokin gonaki. A Kudancin Nijar da arewacin Katsina da Jigawa manoma suna tsaga curi su dasa a kan iyaka, kuma a can gamba tana nan lafiya, a ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya da makiyayar da ta rasa ta. Bambancin shi ne tana da mai ita. Ba a kiwonta da damina saboda amfanin gona na kewaye da ita, mai gona kuma ba ya gaggawar yanka domin ya san ba mai riga shi. Gwajin da aka yi a tashar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna layin gamba yana tare yashin da iska ke kwashewa a farkon damina, wanda ke binne ƙananan tsiron gero. A Burkina Faso ana dasa ta a jikin layukan duwatsu don rage gudun ruwa. Tana da nata laifin, domin saiwarta ta sama tana gasa da layin shukar da ke daf da ita, amma kuɗin zana da abincin dabba sukan rufe wannan asara.

Abin da ya kamata a gwada

Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da dokar kiwo ta Nijar ta 2010, wadda ta taɓo har batun kwasar busasshiyar ciyawa, sun fi mai da hankali kan wane ne ke da izinin shiga wane fili. Halittar gamba tana nuna cewa tambayar yaushe tana da nauyi daidai da tambayar wa. Makiyayar da aka raba kashi uku, ana hana kiwo da yanka a kashi ɗaya daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, ana juyawa kowace shekara, za ta ba kowane curi damar cika ajiyarsa da zubar da iri sau ɗaya a shekara uku. Ba a bukatar wayar shinge ko taki. Ana bukatar yardar arɗo da mai unguwa da masu zana, kuma na san wannan ya fi sayen waya wuya. Dagatai sun daɗe suna sa ranar sakin dabbobi cikin gonaki bayan girbi, don haka sa ranar fara yankan gamba ba baƙon abu ba ne a tsarinmu.

Ga masu bincike, akwai aiki mai sauƙin kuɗi da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi: a yanka gamba a ranaku daban-daban daga farkon Oktoba zuwa Disamba, a auna yawan ƙwayar da ta riga ta zuba, a auna sitacin saiwa, a kuma ba masu saƙa su tantance ingancin karan. Da wannan za a san ranar da mai zana ba ya asara, ciyawa ma ba ta asara. A filin da za a farfaɗo kuwa, dashen tsagin curi a tsakiyar damina ya fi watsa iri tabbas, tunda tsiron gamba yana da jinkiri a watanninsa na farko. Inda za a yi amfani da iri, kada a binne shi fiye da santimita ɗaya ko biyu, kuma a bar shi ya kwana wasu watanni bayan girbi kafin a shuka. Filin da ke tsakanin curi ya dace da Stylosanthes, 'yar dangin wake wadda cibiyar ILCA ta yaɗa a wajen Kaciya a shekarun 1980, ita ce za ta cike giɓin furotin na rani.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne tattara iri. Wanda ya zagaya duniya daga Shika na yankin da ke samun ruwa sama da milimita 1,000 ne, ba lalle ya yi a Gumel ko Tasawa ba. Gajerun nau'o'in Sahel masu saurin fitar da kai, waɗanda suka tsallake farin 1973 da na 1984, suna nan a iyakokin gonaki da tsofaffin maƙabartu, a hannun manoman da suka yi ta tsaga su suna dasawa. Ya kamata Shika da cibiyar INRAN ta Nijar su bi waɗannan wurare a watan Nuwamba, su karɓi iri da tsagi daga kowane yanki, su rubuta sunan garin da irin ƙasar, su shuka su gefe da gefe a ga wanne ya dace da ina.